Saƙon Alhaji da Jirgin Kan Kwalta

Da sunan Allah zan fara, shi kuma nake roƙo ya tsare alƙalamina daga ƙari. Na gaji da jin labarin nan a bakin waɗanda ba su je ba. Duk sallah in kun taru a tsakar gida sai wani ya tono shi, wai Inna ta ɓata a Ingila har 'yan sanda suka tsinto ta a gindin gada tana kuka. Ban ga ɗan sanda ko ɗaya ba ran nan, ban ga gada ba. Kuka kam na yi, amma ba na ɓata ba ne. Shi ma mahaifinku, in kun ji shi a tasha yana cika baki wai tun farko shi ya ɗaure wa yayarku gindi, ku ƙyale shi, tsufa ne. Ga yadda aka yi daga bakin wadda ta sa ƙafarta a cikin jirgin.

Yayar taku, wadda kuke kira Lami, ita ce 'yar farina. Ku na yanzu kuna rungumar 'ya'yanku na fari a gaban surukai, har da sumbata, ko a jikinku. Mu ba haka muka taso ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Tana fara tafiya Gwaggo Hassi, yayar Alhaji, ta ɗauke ta zuwa gidanta da ke bayan namu, can ta girma. In zan yi zancenta sai in ce "waccan", ko "ta gidan Gwaggo". Har ta yi karatu, har ta auri Sanusi ɗan Gwadabawa, har aikin jinya ya kai shi Mancesta ta bi shi, ban taɓa furta sunanta na yanka ba. Ina sonta kuwa kamar raina, Allah shi ne shaida, sai dai son nan a ciki yake zaune.

Alhaji kun san shi. Tun yana saurayi yake jan mota tsakanin Illela da Sakkwato har furfura ta cika masa gemu, sannan ya koma kan bencin dattawa a tasha yana raba rigimar lodi. Babban ciwonsa shi ne a cikin 'ya'yansa maza babu wanda ya kama sitiyari. Ɗaya ya tafi canji a bakin iyaka yana lissafin sefa, ɗaya ya zama malamin makaranta, autan kuma wayoyi yake sayarwa. To, ran wata Lahadi, kasuwa ta cika, tasha babu masaka tsinke, sai wani direba mai shegen baki da ake kira Ɗan Ƙwanni ya miƙo masa waya a gaban jama'a. Wani dogon abu ne ruwan ɗorawa yana sulalawa a tsakiyar titi, motoci na bin gefensa, a bayan gilashin gaba kuma ga mace da hijabi tana ɗaga wa mai ɗaukar hoton hannu. Lami ce.

"Alhaji, ashe gadon tsallake maza yay yi, yah hwaɗa ɗaki!" in ji Ɗan Ƙwanni.

Tasha ta ɗauki dariya. Alhaji ya dawo gida tun kafin la'asar, abin da bai taɓa yi ba ranar kasuwa, ya ƙi cin tuwo. Kafin magariba Gwaggo Hassi ta shigo da sandarta, ko sallama ba ta gama ba ta fara yi wa ƙanin nata faɗa.

"Ni nir rene ta, kuma ban rene ta don ta zan karen mota ba. Ɗiya mace da aurenta da ɗiyanta, tana jan mota cikin Turawa? Bello, in kai ba ka jin kunya ni ina ji."

Daga ranar Alhaji ya daina ɗaukar wayarta. Ta kira da safe, ta kira da yamma, sai ya kifa wayar a kan tabarma ya bar ta tana kuka. Ana cikin haka takarduna na zuwa ganin jikoki suka fito, waɗanda Sanusi ya daɗe yana nema. Alhaji da kansa ya kai ni filin jirgi a Sakkwato. Mun wuce Gwadabawa, sai da gari ya fara bayyana ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Hajiya, in kin isa ki hwaɗa mata ta aje aikin ga. In ta aje, ɗiyata ta. In ba ta aje ba, ba ni ba ita."

Na ce, "Alhaji, ka san ba ni irin wagga magana da ita."

Ya ce, "Shi as sa nib ba ki. In ta hito bakinki ta san ba wasa na ba."

Gaskiya a lokacin rabin zuciyata na tare da shi. Abin da na sani na aikin mota shi ne tasharmu. Na riƙa ganinta a raina tana maƙale a ƙofa tana kiran fasinja, ƙarti na ture ta, ana zage-zage a kan canji. Na ɗauki saƙon na shiga jirgin sama da shi.

Na isa na tarar da sanyi da yayyafin da ba ya ƙarewa, da gida ɗan ƙarami wanda duka bai kai ɗakin girkina da rumfarsa ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon bango, na jawo jikokina biyu na huce a kansu. Kowa a gidan ya san akwai magana, babu wanda ya taɓa ta. In za ta fita aiki sai ta rufe kayan aikin da wata doguwar rigar sanyi har ƙasa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Inna, na hita." Ni kuma in ce wa tukunya, "A dawo lahiya." Saƙon nan ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi, ba ya haɗiyuwa, ba ya fitowa. Alhaji ya kira ya ce na faɗa mata? In ce ina neman lokaci. Mako ya bi mako ina neman lokaci.

Irin jirgin da take ja kuwa ina hango shi ta taga a ƙarshen layinmu, amma na ƙi shiga, duk inda za mu je Sanusi ke kai ni a mota. Ni jirgin ƙasa sau ɗaya na taɓa gani, a Ƙauran Namoda, tun ina amarya. Tun daga nesa yake kururuwa, a tare hanya, kowa ya kama ɗansa da akuyarsa. Wannan ba haka yake ba. Ƙarfensa a nutse yake cikin kwalta, daidai da titi, mota na takawa, keke na takawa, mutum na tsallakawa da jakar cefane. Ga waya a sama yana shafa ta yana tafiya shiru. Fitilar hanya in ta yi ja ya tsaya tare da motoci, in ta ba da hannu ya tashi tare da su, kamar raƙumi a cikin awaki ranar kasuwa.

Rannan sai ga baƙuwa. Hajiya Balki ce, mutuniyar Wurno, ta shekara da shekaru a wurin ɗanta a can ɗaya gefen garin, ta ji an ce wata ta zo daga gida. Ban taɓa ganinta ba, amma muna haɗa ido muka rungume juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Muka zauna tun hantsi har bayan azahar, muka tashi matattu muka aurar da rayayyu. Da za ta tafi na cika mata jaka da daddawa da kuka da yaji da ɗan turaren wuta. Lami na wurin aiki, yara na makaranta, Sanusi ya kwana a asibiti yana ramuwar barci. Na zura rigar sanyinsa a kan zanena, na ja mayafi, na sa silifas ɗin tsakar gida, na ɗauki jakar. Waya ma ban ɗauka ba, don rakiya ce kawai zuwa ƙarshen layi.

Sai na tsaya na gaya muku yadda rakiya take a wurinmu, don ku san ba hauka na yi ba. Baƙo ba ya ɗaukar kayansa, kai ne za ka riƙe masa har tasha. In kun isa, kai ne za ka riga shi shiga mota ka kama masa wuri mai kyau a gefen taga, ka ajiye kayan, ya shigo ku zauna ku ƙarasa hirar da ba ta ƙare a gida ba. Sai mota ta cika, direba ya gama shan shayinsa ya tayar da inji, sannan ka sauka. Ko a lokacin ma da sauran zance ta taga, don sai ya tsaya shan mai. Haka na yi wa baƙi tun ina yarinya, haka aka yi mini a Ƙwanni da Tawa cikin Nijar da duk inda fataucin atamfa ya kai ni.

Muna isa sai ga jirgin ya sulalo ya tsaya. Wani ya taɓa ƙofa ta buɗe. Hajiya Balki ta juya wajen wani ɗan turke da ake taɓa kati, ta ce, "Tsaya in taɓa katina." Ni kuma ido na ya faɗa kan kujera guda a gefen taga, ga wani saurayi ya nufe ta. Sabo turken wawa. Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba, na yi wuf na shige, na riga shi, na dire jaka, na juyo da fara'ata.

"Hajiya, taho, ga wuri na kama miki!"

Wani abu ya yi ƙara tit-tit-tit, ƙofa ta haɗe. Na ga Hajiya Balki ta cikin gilashi, baki buɗe, hannu biyu a ka, tana ja da baya tana ƙanƙancewa. Na tashi na bubbuga jikin jirgin da tafin hannu yadda ake yi wa motar Gada.

"Direba! Akwai saura! Kai direba, tsaya!"

Ko gezau. Turawan nan kowa ya sunkuyar da kai cikin wayarsa kamar an yi musu rasuwa. Wata tsohuwa ce kawai ta yi mini murmushi, ni kuma don ruɗewa na ce mata "marsi", Faransancin kasuwar Ƙwanni, ban san me ya kawo shi ba.

Kun sha tambayata me ya hana ni sauka a tsayawa ta gaba. Na yi niyya. Amma da na leƙa sai na ga gidajen duk iri ɗaya ne, jan bulo, baƙin rufi, babu bishiyar da zan riƙe, babu masallacin da zan yi kwatance da shi. In na sauka na zama allura a cikin ruwa. Sai na yi tunani irin na mai fatauci. Na ce abin da ke bin ƙarfe ba shi da wata hanya sai ƙarfen, duk inda ya je ta nan zai dawo. Ga kuma jakar mutane amana a hannuna. Na gyara zama, na rungume daddawa, na kama salati. Tsoro bai hana ido gani ba. Muka shiga tsakiyar gari inda mutane ke gittawa a gaban hancin jirgin ba ko waiwaye, ga masu keke, ga manyan bas masu hawa biyu suna goga kafaɗa da mu. Shi kuwa sai ɗan hon mai taushi yake yi yana ratsawa. Na ce a raina, ashe cikin wannan take wuni kullum. Gabana ya faɗi, na manta da tawa matsalar.

Muka fita daga gari, gidaje suka yi ƙaranci, mutane suka yi ta raguwa har jirgin ya tsaya inda ƙarfen ya ƙare. Kowa ya sauka sai ni. Direban ya fito daga ɗakinsa, wani ƙaton Bature mai jan gemu kamar ya sha lalle, ya ratso ta ciki zai koma ɗaya kan, don jirgin kai biyu gare shi, ba ya juyawa. Ya gan ni ya tsaya ya yi magana mai tsawo. Ban tsinci ko kalma ba. Amma na gane rigar jikinsa, irin wadda nake hangowa a ƙarƙashin doguwar rigar sanyi ce. Na nuna rigarsa, na nuna ƙirjina, na yi kamar ina murza sitiyari. Ya yi dariya ya girgiza kai. Na ce, "Lami." Ya ɗaga kafaɗa. Wallahi har "ta gidan Gwaggo" sai da na ce wa Baturen nan. Sai na gane babu makawa, a wurin aiki da sunan yanka suka san ta. Na waiga dama, na waiga hagu, kamar mutanen Illela na laɓe a bayan kujeru. Bakina ya yi nauyi.

Na ce, "Hadiza."

Fuskarsa ta washe gaba ɗaya. "Hadiza! Mama Hadiza?"

Na ce, "Ni ta."

Ya koma ɗakinsa da sauri ya yi magana a rediyonsu, ya dawo yana ta murna kamar shi ya haife ni. Ya kama mini jaka, ya zaunar da ni a wata rumfar gilashi a bakin ƙarfen, ya tsiyaya mini shayi a murfin fulas ɗinsa. Ya nuna hanyar da muka fito, ya ɗaga yatsu biyu, na gane jirgi na biyu yake nufi. Lokacinsa ya yi, ya ja abinsa ya tafi. Na zauna ni kaɗai, yayyafi na sauka a kan rumfar. Sai na sake faɗin sunan a hankali don in ji yadda yake a bakina. Na sake faɗa. Ashe suna ne mai daɗin faɗa. Nan ne na yi kukan da kuke ba da labari. Ban ce al'adarmu laifi ce ba, ita ta raine mu, amma ran nan na ji daɗin da ban san ina bin kaina bashinsa ba.

Jirgi na farko ya zo ya tafi. Na biyu na tahowa na hango hijabin a bayan gilashi. Tana tsayawa ta fito da gudu, babu doguwar riga, ga ta nan cikin kayan aikinta tsaf.

"Inna! Inna lahiya? Mi yak kawo ki nan?"

Na ce, "Rakiya."

Ta dube ni, ta dubi silifas ɗina, ta dubi jakar daddawa, sai dariya ta kama ta har ta riƙe turken rumfar. Ni ma na kasa daurewa. Can ta tuna da abin da ke jikinta, ta fara kakkare rigar da hannu tana sunkuyar da kai.

Na ce, "Shiga ki yi aikinki, kada ki sa mutane su makara."

Ta zaunar da ni a kujerar da ke daf da bayanta, gilashi ne kawai tsakaninmu, ta rufe ƙofarta. Abin da na fara nema sitiyari ne, babu shi. Wani ɗan mariƙi ne guda a hannunta, ta tura gaba jirgi ya tashi, ta jawo baya ya lafa. Ni matar direba ce tun ina da ƙuruciya, daga tashin mota da tsayuwarta nake sanin hannun mai ita. Tashin nan da ta yi ko jakar da ke cinyata ba ta motsa ba. Wani tsoho ya shigo a keken guragu, na ga idonta a kan madubi, ba ta taɓa komai ba sai da ya daidaita. Babu mai taɓa ta, babu mai yi mata ciniki, babu mai ɗaga mata murya. Da muka shiga cunkoson gari sai na ji ta fara rage gudu alhali hanya a buɗe take. Ina cewa me ya faru, sai wata farar motar kaya da ke tafiya a gefenmu ta karyo kai ta gitta ƙarfen ba ko sigina. Jirgin ya tsaya cak, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Tun kafin mai motar ya san zai yi wauta ita ta riga ta gani a ƙafar motarsa. Da Alhaji ne da ya kauce, sannan ya leƙo ta taga ya ambaci kakannin mutumin har na bakwai. Ita ba ta da wurin kaucewa, ba ta kuma zagi kowa ba. Ta danna ɗan hon ɗinta, ta ɗaga masa hannu, muka wuce. Wani abu ya cika mini ƙirji, alfahari ne, ba zan ɓoye ba. Na taɓa Baturiyar da ke kusa da ni na nuna mata gilashin.

"Ɗiyata ta. Ni nih haihe ta."

Ba ta ji Hausa ba, amma ta gyaɗa kai ta dafa hannuna. A tasharmu na tarar da Sanusi da wandon barci da takalmi wari-wari, da Hajiya Balki ido ya yi ja. Ta rungume ni, sannan ta karɓi jakarta ta leƙa ciki. Lami ba ta da damar sauka, ta ɗaga mana hannu ta ja mutanenta ta yi gaba.

Da ta taso aiki ta same ni a ɗaki, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Inna, na san Baba ya ba ki saƙo. Hwaɗi, na shirya. In yac ce in bari, bari zan yi. Ba ni son aikin da babu albarkatai ciki."

Kun ga inda abin ya tsaya. Kalma ɗaya zan faɗa ta ajiye, Alhaji ya huce, Gwaggo ta huce, ni ma in koma gida da farin jini. Na dubi hannuwanta da ke kan gwiwarta, na tuna abin da na ga sun yi ɗazu.

Na ce, "Saƙonai na nan wurina. Ni zan mai da mashi abinai."

Tun da aka kai ni gidan Alhaji ban taɓa dawo masa da aike ba sai wannan. Sauran kwanakina a garin kuwa na zama 'yar gari a jirgi, Sanusi ya yi mini kati, har ya ɗauki bidiyon tafiyarmu ta cikin gari daga kujerar nan tawa.

Alhaji ya zo ɗaukata a Sakkwato. Muna fita daga gari ya ce, "Ta aje?" Na ce, "Ban hwaɗa mata ba." Daga nan har Illela ko ramukan hanya bai kauce wa ba. Ya yi kwanaki ba ya amsa mini sai da kai. Gwaggo Hassi kuwa ta ce na je na sace mata ɗiya, ba ta ƙara taka ɗakina ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma wannan yana damuna har yau, don ta riƙe yarinyar nan da gaskiya. Akwai kuma wanda ban gaya wa kowa ba. Na san duk wanda ya sami aikin da yake so a wuri ya kafa saiwa ke nan. Da hannuna na ƙara mata zama a can, jikokina kuma sai dai in gan su a waya.

Ban roƙi Alhaji ba, na san halin kayana. Ranar da maƙwabta suka shigo yi mini barka da dawowa, na shimfiɗa musu tabarma daidai tagar ɗakinsa, na buɗe murya ina ba su labari. Na yi rakiya, na yi Bature mai jan gemu, suna ta riƙe ciki. Sannan na ce abin mamaki, jirgin ko sitiyari babu. Sai muka ji murya daga ɗaki.

"Ƙarya na! Abin da ba shi da sitiyari ƙaƙa za shi sha kwana?"

Na ce, "Ba da kai nike ba, Alhaji."

Sai ga shi ya fito da hula a karkace, mata suka ja mayafi suka sulale. "In wani yag gitta mata hwa? Ina za ta kauce?"

"Ba ta kaucewa. Sai dai ta gane shi tun bai gitta ba."

Ya zauna a bakin turmi. Ya tambayi nauyin abin, ya tambayi yadda birki ke kamawa in ƙarfe ya jiƙe. Na ce ni atamfa nake sayarwa. Na ajiye masa wayata a kan tabarma da bidiyon Sanusi a buɗe, na shiga ɗakin girki ina leƙensa ta ƙofa. Ya ɗauka kamar mai ɗaukar garwashi. Can na ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa, tana sakewa, tana dannawa, daidai duk inda ta rage gudu. Ya kalla ya maimaita har tuwo ya nuna.

"Hajiya! Wa yay yaye ta?"

"Turawa sun ba ta takarda."

"Takarda ba yaye ba ta."

A tasharmu, yaro ko ya shekara nawa yana jan mota, ko lasin nawa gare shi, ba a kiransa direba sai ubangidansa ya tara direbobi, an raba goro da dabino, malam ya yi addu'a, sannan ya damƙa masa mabuɗi a gaban kowa. Alhaji ya yaye 'ya'yan mutane da yawa, bai taɓa yaye nasa ba.

Lahadin da ta biyo ya sa babbar rigarsa ta sallah. Ni ma na je, na tsaya a rumfar masu abinci inda nake ganin komai. Ɗan Ƙwanni shi Alhaji ya ɗora wa farantin goro, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana rabawa, bakin nan nasa a rufe. Aka jingina waya a kan gilashin tsohuwar motar Alhaji, aka kira. Ta ɗauka a lokacin hutunta, cikin kayan aiki, ga jirgin a bayanta. Da ta ga fuskar ubanta bayan watannin nan sai ta rufe baki da hannu. Malam ya yi addu'a aka shafa. Alhaji ya ciro mabuɗin motar daga aljihu ya ɗaga shi saitin wayar.

"Na ga hannunki. Kin san rayukan mutane na kike ɗauke da su, na gani ga birkinki. Yau gaban abokan aikina na yaye ki. Ke direba ta. Allah shi tsare gabanki, shi tsare bayanki, shi sa ki aje lahiya ranar da kika so."

Tasha ta amsa da amin har 'yan kabu-kabu da ke bakin ƙofa. Kowa ya zuba wa wayar ido. Ta share ido da gefen hijabi, ta gyara tsayuwa, ta ɗan rusuna yadda yaran mota ke yi.

"Godiya nike, Oga."

Wurin ya ɓarke da shewa da tafi, direbobi suka hau danna hon har shanun da ake korawa kara, kasuwar dabbobi, suka firgita. Alhaji ya juya wa mutane baya, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na girgiza. Ya daɗe a haka, babu wanda ya ce masa ya juyo.